Haruffa Shida a Takardar Jirgi

Litinin, 7 ga Yuli, bayan azahar

Ummu Hani ta zo daga Rogo da takardun tafiyata a cikin ambulan. A shagon kwamfuta na Sabon Gari ta bugo su, shafi tara cif. Ko ruwa ba ta sha ba, wai hadari ya haɗo ta wajen Ruwan Bago kuma ta baro shanya a igiya. Tana gyara mayafi tana cewa, "Inna, shafi na huɗu shi ne na kayan sawa. Ki kai wa Tani ta fara ɗinki, Yaya ya ce kada a makara." Ta haye babur ta bar ni da takarda a hannu.

Yayan nata shi ne ɗana na fari. Ko a littafin nan da ba mai buɗe shi sai ni, ba zan rubuta sunansa ba. Haka na ga uwata tana yi da nata ɗan farin, ni ma haka na yi shekara talatin da ɗaya, kuma bai taɓa ɓata ba don ban kira shi ba. Shekara bakwai ke nan yana aiki a wani ƙaton jirgin ruwa mai ɗaukar Turawa 'yan yawon buɗe ido a can Norway. Tun ranar da ya aiko hotonsa da farar kwat, unguwarmu ta koma kirana Innar Kyaftin. Ban taɓa cewa su daina ba, kuma ƙarya nake in na ce ba ya min daɗi.

To bana ya samo min gurbi a jirgin, kwana bakwai. Fasfo ya fito, biza ta fito, ran biyu ga Agusta zan tashi daga Kano. Ni Ramatu, da ko kwalekwalen dam ɗin Challawa ban taɓa shiga ba, ga shi nan a bayan garinmu.

Litinin, bayan la'asar

Na buɗe shafi na huɗu.

Litinin, gab da magariba

Na sake buɗewa. Tana nan. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Talata, 8 ga Yuli, da hantsi

Ba na jin Turanci. Firamare na yi, na ƙara da ajin yaƙi da jahilci, Hausa nake karantawa kuma ita nake rubutawa. Amma akwai kalma ɗaya ta Turanci da ko daga bakin ƙofa aka ɗaga min ita zan gane ta. Haruffa shida ce a rubutun Turanci. Shekara goma sha tara ina rataye da ita a wuya, a jikin katin aiki: hotona a sama, Ramatu Sabi'u a tsakiya, ita a ƙasa. Kashuwal. Mu ne masu shara da goge-goge da wankin bayan gida a ofis, mu ne waɗanda ba a tabbatar ba. Kowace shekara a ce baɗi, har baɗi ta gaji da mu, bayana ya ƙi, na ajiye tsintsiya.

Ita ce a shafi na huɗu. Sunana a saman takarda, sannan aka jera kwanaki bakwai, a gaban kowace rana aka rubuta ta. Na ƙirga da yatsa sau uku. Bakwai. A kwana na biyu da na shida ne aka ƙara wata kalma daban a ƙasa, ita ban san ta ba.

Na ɗauko tsohon katin daga ƙasan akwati na ɗora a kan takardar, ko idona ne. Harafi da harafi, babu wanda ya saɓa.

Talata, bayan azahar

Na ɗora tukunya na manta ban hura wuta ba. Na fi rabin awa ina jiran ta tafasa.

Laraba, 9 ga Yuli, da safe

Ya aiko saƙon murya. Na saurara sau huɗu, bari in rubuta yadda ya faɗa.

"Inna, ina kwana, an tashi lafiya? Ummu ta ce takardu sun iso. Don Allah kada a cika akwati da leshi, biyu sun isa. Abin da za ki fi buƙata rigar ruwa ce mai hula, da safar hannu mai kauri, da takalmi mai kama ƙasa, saboda daɓen jirgin kullum a jiƙe yake, santsi gare shi. A samo suwaita guda biyu. Sanyin nan ba irin namu ba ne, Inna, ko yanzu da suke cewa bazararsu ce akwai ƙanƙara a kan duwatsu."

Rigar ruwa. Safar hannu. Takalmi mai kama ƙasa.

Ni za a gaya wa kayan wane ne waɗannan?

Alhamis, 10 ga Yuli, bayan la'asar

Na kai wa Tani takardar. Tani tela ce yanzu, tana da keke biyu a shagonta na bakin kasuwa, amma shekara shida muka yi da ita muna raba bokiti ɗaya a ofis kafin ta gudu. Na miƙa mata shafin kawai. Ta sa tabarau, ta bi layi da farce, sai na ga ƙafarta ta tsaya a kan keke.

Ta ce, "Yaya Ramatu, wannan ba tamu ba ce?"

Na ce ita ce.

Ta ce, "La'ilaha illallahu! Har a teku?"

Tani ba ta taɓa ganin jirgin ruwa ba sai a talabijin, amma kafin a kira magariba ta gama zana min shi daga sama har ƙasa. Wai jirgi hawa-hawa ne, manya a sama, na tsakiya a tsakiya, 'yan kashuwal a can ƙasa kusa da inji. Wai da rana a goge daɓe, a ci abin da ya rage. Da na nuna mata baƙuwar kalmar nan ta kwana na biyu da na shida, ta buga cinya ta ce, "Ai wannan ranar walimar manya ce. Shi ya sa ya ce leshi biyu. Ranar ne za ku yi tsaf ku ɗauki faranti."

Na ce, "Tani, ɗana ne fa."

Ta ce, "Wataƙila ta haka kaɗai ake samun gurbin, shi kuma kunya ta hana shi faɗa miki." Sannan ta ce, "Ko da yake yaron nan da ma..." Ta haɗiye sauran. Ta san maganar baranda, tana wajen ranar, tana riƙe da ɗaya bakin bokitin.

Na ce kada ta taɓa almakashi tukuna. Atamfofin suna nan a ledarsu.

Juma'a, 11 ga Yuli, da hantsi

Ba zan rubuta maganar baranda ba. Ta wuce, shekara goma sha huɗu.

Asabar, 12 ga Yuli, bayan azahar

Ya kira sau biyu. Na zuba wa wayar ido tana rawa a kan tabarma har ta gaji.

An yi ruwa mai yawa, masu babur suna cewa hanyar Rogo ta caɓe. Matar gidan gabas ta leƙo ta katanga tana cewa, "Innar Kyaftin, saura kwana nawa? A taho mana da ƙanƙarar Turai a leda." Na yi dariya yadda ake yi. Da ta sauka na shiga ɗaki na zauna a bakin gado.

Lahadi, 13 ga Yuli, da safe

Ina ta juya abin. Idan aiki ne, me ya sa bai ce aiki ne ba? Na taɓa ƙin aiki? Da ya ce, Inna, zo ki taya ni, da wallahi na tafi da tsintsiyata daga nan, don na san tasu ba za ta kai tamu ba. Ba aikin ne yake ci na ba. Takardar ce. Wani ya zauna a gaban kwamfuta ya tambaye shi, wace ce wannan, a wane layi za a sa ta? Shi kuma ya buɗe baki ya ba da amsa.

Na san yadda muryarsa take in yana faɗar kalmar. Na taɓa ji.

Litinin, 14 ga Yuli, bayan la'asar

Kira uku. Saƙo ɗaya: "Inna, lafiya kuwa? Ko sabis ne?"

Ba sabis ba ne.

Talata, 15 ga Yuli, da hantsi

Ina neman inda zan mayar da katin, sai hannuna ya faɗa kan koriyar suwaitata a ƙasan akwati. A gwanjo na saye ta shekarar da na fara aiki, ta maza ce ma, shi ya sa take sauko min har cinya. Da ita nake fita sharar asuba duk lokacin sanyi. Gwiwar hannu ɗaya na da faci, amma zarenta bai saki ba. A cikin wuyanta akwai farin ƙyalle da na ɗinka na rubuta RAMATU da biro, na bi kai sau da yawa har ya yi kauri. Dole ce. Ƙusa ɗaya muke rataya kaya a sito mu tara, duk abin da ba suna a jiki ya zama na kowa.

Na shinshina ta, har yanzu akwai warin sabulun ofis. Na ce a raina, to ga kayan kashuwal, ba sai an saya ba. Sai hawaye. Ban yi niyya ba.

Laraba, 16 ga Yuli, bayan azahar

Na aika masa saƙon murya. Sakan arba'in. Ban gaishe shi ba.

Laraba, bayan la'asar

Alamar nan ta gefen saƙon ta koma shuɗiya. Ya ji.

Alhamis, 17 ga Yuli, da safe

Shiru.

Juma'a, 18 ga Yuli, bayan an sauko daga masallaci

Shiru. Da mai kira sau uku a rana, yanzu ko ɗaya.

Bari dai in rubuta abin da na ce, tunda na faɗa. Na ce: "Na ga takarda. Na ga kalmar. Kashuwal. Shekara goma sha tara na sha ta don kada ta biyo ni gida, ashe tana can tana jirana a jirginka. Ba zan zo ba. Ka tuna baranda."

Da na ji na yi daidai. Yau ban sani ba.

Asabar, 19 ga Yuli, da hantsi

Tunda na ce masa ya tuna, ni ma bari in daina yi wa littafi rowa.

Yana shekara goma sha bakwai, ajin ƙarshe a sakandare. Suka zo ofis shi da abokansa biyu karɓar wata takarda, sun sha farin yunifom, ni na goge masa nasa da dutsen guga da asuba. Ina duƙe a baranda ina wanke daɓe, ni da Tani. Na ɗago na gan shi, na mayar da kai, don uwa ba ta washe wa ɗan fari baki a gaban mutane. Ɗaya yaron ya ce, "Kai, matar can kallonka take, ka san ta ne?" Ɗana ya ɗage ƙafar wandonsa kada ruwa ya taɓa, ya ce, "'Yar kashuwal ce." Suka wuce.

Bai yi ƙarya ba. Da yamma na zuba masa tuwo da miyar kuka, ya cinye, ya ce an gode. Daga ranar zuwa Larabar nan ba wanda ya tayar da maganar, har mahaifinsu ya rasu bai san an yi ba.

Lahadi, 20 ga Yuli, bayan azahar



Ummu Hani ta zo ba shiri, laka har gefen zaninta. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Inna, me ya haɗa ki da Yaya? Ya turo min layi ɗaya, wai a bar maganar tafiya. Na kira ya ƙi ɗauka. Na biya wajen Tani ta ce kin hana ɗinki."

Na ɗauko shafi na huɗu, na ɗauko katin, na shimfiɗa mata su gefe da gefe a kan tabarma. Na ce, "Ke da kika yi sakandare, karanta min."

Ta duba wannan, ta duba wancan. Na ga bakinta ya fara motsi. Sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki, ta zube a ƙasa. Na ce, "Ni kike wa dariya, don ƙaniyarki?" Da ta kalli fuskata dariyar ta ɗauke cak.

Ta ce, "Inna, ba mutum ake nufi ba. Kaya ake nufi. Wannan shafin tsarin sa tufafi ne. Inda aka rubuta haka, ana nufin ranar kowa ya sa kayan zaman gida, abin da ya ga dama, wanda zai sake a ciki. Wannan ta kwana na biyu da na shida kuma ita ce ranar ado, shi ya sa ya ce leshi biyu."

Na ce, "Kina kare yayanki ne."

Ta buɗe waya ta nuno min hotunan jirgin. Tsofaffin Turawa ne cike a kan dandamali, mata da maza, kowa da rigar ruwa mai hula, ja da ruwan ɗorawa, da safar hannu, da takalmi mai ƙaton ƙasa, sun jingina da ƙarfe suna kallon dutse mai farin kai. Wata tsohuwa ta girme ni nesa ba kusa ba, ta sa wando da suwaita duk ta saki, tana riƙe da kofin shayi da hannu biyu.

Na ce, "Duk waɗannan kashuwal ne?"

Ta ce, "Kayansu ne kashuwal, Inna. Su masu kuɗi ne."

Wato mutum ya tara dukiyarsa, ya hau jirgi, don a ba shi izini a rubuce ya yi shigar masu shara. Wato kalmar da ta ci min baya shekara goma sha tara, a wajensu hutu take nufi. Na zauna na kasa rufe baki.

Ummu ta ce, "Me kika ce wa Yaya?" Na ce ba komai. Ta karɓi wayata ta kunna da kanta. Da ta kai ƙarshe ta ce, "Wace baranda?" Na ce ta tashi ta tafi kafin hadari.

Litinin, 21 ga Yuli, da safe

Na kira sau biyar. Tana shiga, ba a ɗauka.

Talata, 22 ga Yuli, bayan azahar

Na je na gaya wa Tani. Ta cire tabarau ta ce, "To ni ina na sani? Ni ma abin da ke wuyana na karanta." Ta ce ta fara yanka? Na ce yanka wa wa, mai jirgin ya ce a bar maganar.

Na yi saƙo sau uku ina gogewa. Yaya uwa take ba ɗan fari haƙuri? Ba a koya min ba. Daga ƙarshe na ce, "Ka kira ni, akwai magana." Shuɗi ya fito. Shiru.

Laraba, 23 ga Yuli, da hantsi

Yaron ya yi shekara bakwai a cikin sanyi, ya nemo wa uwarsa wuri ta zauna ta sha shayi tana kallon dutse, ni kuma na ɗauko abin da ya yi yana ɗan goma sha bakwai na kwaɗa masa. Wallahi kunya nake ji har cikin ƙashina. Ina tsoron kada shirun nan ya zama irin wancan, mu shekara goma sha huɗu muna gaisawa a kansa.

Alhamis, 24 ga Yuli, bayan la'asar

Ya kira. Ta bidiyo.

Zan rubuta gobe. Yau ba zan iya ba.

Juma'a, 25 ga Yuli, da safe

Ina tsintar shinkafa wayar ta yi ƙara. Na ɗauka, sai ga fuskarsa, ya rame, idonsa a ƙasa. Ya gaishe ni, na amsa. Na buɗe baki zan fara bayanin shafi na huɗu, sai ya riga ni.

Ya ce, "Inna, wa ya gaya miki?"

Na ce, "Gaya min me?"

Ya ce, "Na duba takardun nan kaf, ban ga inda aka rubuta matsayina ba. Ko Ummu ba ta sani ba. Wa ya gaya miki ni kashuwal ne?"

Farantin shinkafar ya zame daga cinyata. Kaji suka taru, ban ko kore su ba.

Ya ɗauka fushi nake yi, sai ya ci gaba da magana da sauri kamar mai tsoron a katse. Wai kwantiragin wata shida-shida ake ba su, in ya ƙare a sabunta, shekara bakwai ke nan a haka. Wai farar kwat ɗin ta abokin ɗakinsa ce, wani ɗan Ghana mai kai abinci teburi, aro ya yi ya ɗauki hoto don in ji daɗi, bai san unguwa za ta ɗora masa jirgi gaba ɗaya ba. Ya juya wayar. Ɗan lungu ne mai farar fitila, ga bokiti mai taya, ga sandar goge daɓe, ga shuɗiyar rigar aiki a jikinsa. Ya ce, "Ni nake wanke dandamali kafin baƙi su fito, shi ya sa na san yana da santsi."

Ya ce, "Na kasa faɗa miki da baki. Shi ne da aka ce ma'aikaci zai iya kawo wani nasa, na ce bari ki zo. In kin gan ni da bokiti ba sai na yi magana ba. Da na ji saƙonki na ce shi ke nan, kin sani, kuma ba za ki zo ki ga wannan ba. Kuma kina da gaskiya ki tuna min baranda. Inna, ba a yi safiyar da na duƙa a kan daɓen nan ban tuna ba. Wani in ya zo wucewa sai ya ɗage ƙafar wandonsa."

Ya sa hannu zai share fuska, a nan na ga hannun. Bayan yatsun duk ya tsattsage, fari-fari, gefen farce ya yi ja. Na san hannun nan. Irinsa ne nake riƙe da wayar da shi.

Ina da maganganu da yawa. Akwai haƙurin da na kwana uku ina haɗawa, akwai bayanin kayan zaman gida, akwai dariyar Ummu. Ba wanda ya fito. Abin da ya fito shi ne, "Kana shafa man kaɗanya?"

Ya ce babu a can.

Na ce, "Ɗaga min sandar nan in gani. Haka kake riƙe ta? Wa ya koya maka? Ta yi maka gajarta, bayanka zai mutu kafin ka kai arba'in. Kuma a daina matse tsumma da hannu tsirara."

Ya yi wani sauti, ban san dariya ce ko kuka ba. Ya ce, "To Inna." Can ya ce, "Za ki zo?"

Na ce, "Da wa zai nuna maka riƙon sanda?"

Sai aka kira shi ta lasifika, ya ce hutunsa ya ƙare. Ko da ya kashe ban gaya masa cewa kuskuren karatu na yi ba. Har yanzu yana zaton wani ne ya tona shi.

Asabar, 26 ga Yuli, bayan azahar

Na kai wa Tani atamfa da leshi biyu na ce ta taka keke, kwana bakwai suka rage. Ta ce, "An shirya da Kyaftin ke nan?" Na ja kujera na zauna na gaya mata komai. Tani da bakinta ba ya hutawa ta yi ta taka keke har zaren ya ƙare ba ta lura ba. Can ta ce, "Allah Sarki. Ashe ɗanmu ne." Ta ce za ta ɗinka masa safar hannu ta cikin gida mai laushi, wadda ake sawa a ƙarƙashin ta roba, ba sai na ce komai ba.

A hanyar dawowa matar gidan gabas ta ce, "Innar Kyaftin, an kusa?" Na ce, "Ramatu dai." Ta bi ni da kallo.

Talata, 29 ga Yuli, da hantsi

Ummu ta samo rigar ruwa a gwanjon Kano, ja ce kamar ta tsohuwar nan mai shayi. Na gwada da takalmin da safar hannu na tsaya a tsakar gida, ana zafi gumi yana bin bayana. Ta ɗauke ni hoto tana cewa, "Inna ta fito kashuwal." Na ɗaga hannu zan make ta, sai na ga ni ma dariya nake.

Man kaɗanya gwangwani biyu. Kuka, daddawa, yaji. Ta ce wataƙila a hana wucewa da daddawa. Na ce su shinshina su yanke hukunci.

Alhamis, 31 ga Yuli, bayan la'asar

Ya kira, na tambaye shi inda suke ajiye kayan aikinsu. Ya ce wuri ɗaya ake wanke na kowa a wani ƙaton inji, sannan a zube a kan tebur kowa ya tsinci nasa. Wai suwaitarsa biyu sun ɓata a haka, yanzu da rigar aiki kawai yake fita dandamali da sassafe. Na ce, "Ba ka sa suna a wuya ba?" Ya ce bai san ana yi ba.

Shekara bakwai, ba wanda ya gaya masa.

Juma'a, 1 ga Agusta, da hantsi

Gobe tafiya. Akwati ya rufu, saura abu ɗaya.

Na wanke koriyar suwaitar jiya, ta bushe, na sake kama facin gwiwar hannun. Ta maza ce da ma, za ta yi masa daidai. Na juya wuyan, farin ƙyallen yana nan, RAMATU yana nan, a ƙasansa akwai ɗan fili kamar faɗin yatsa biyu.

Ummu ta ce, "Kawo in rubuta miki, Inna, na san ba kya faɗa." Na ce ta je ta duba tukunya.

Ban taɓa rubuta sunansa ba, ina tsoron kada hannuna ya karkace in ɓata ƙyallen. Bari in gwada a nan tukuna.

Muhammad Auwal.

Ya fita daidai. Bari in sake, don biron ya saba.

Muhammad Auwal. Auwalu. Auwaluna.